Dankalin Kabarin Sarki

Waɗanda suka cika min waya da saƙo wai ni butulu ce, na gani. Wadda ta rubuto cewa mace in ta kai talatin ba ta zaɓe sai dai a zaɓe ta, ita ma na gani, Allah ya bar ta da wanda ya zaɓe ta. Tunda kun yanke hukunci ba ku ji shari'a ba, ku zauna in ba ku labarin kwana takwas ɗin nan, daga Asabar ɗin da muka je fada zuwa Lahadin da aka zo neman aurena. In kun gama sai ku ci gaba da zagin, amma wannan karon da hujja.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Azemina, 'yar garin Goražde a Bosniya. Shekarata bakwai a Berlin ina aiki a gidan kula da tsofaffi. In yi musu wanka, in ba su magani, in rufe musu ido in lokaci ya yi. Idan sun tafi, 'ya'yansu kan zo su kwashe agogo da sarƙa da talabijin, su bar littattafai a kwali a bakin ƙofa. Ni nake ɗauka. Duk abin da na sani game da ƙasar nan daga kwalin matattu na samo shi, shi ya sa ba ta cika ruɗa ni ba.

Mamata, Hajrija, ta zo min baƙunta ta wata uku. Akwati biyu ta sauko da su daga motar da ta kwaso ta. Ɗaya kayan sawarta, ɗaya garin gahawa da busasshen nama da sandar murza fulawa wadda ta kusa kai ni tsawo. Abu na uku ba a akwati yake ba: ta rantse ba za ta koma gida ba sai ta ga zobe a yatsana.

Mai zoben kuwa an riga an samo shi. Nermin. Gwaggonsa Subhija ƙawar Mama ce tun suna 'yan mata, su biyun suka ƙulla abin a waya kafin mu san fuskar juna. Shekararsa talatin da biyar. Yana da uku aka fito da shi da mahaifiyarsa a farkon yaƙin Bosniya, babansa ya tsaya can, sai bayan yaƙin ya biyo su. Yana aiki a kamfanin inshora, yana da gida, yana da mota mai ƙamshin sabon takalmi, ba ya sha, ba ya caca. A katin aikinsa kuma an rubuta Norman.

"Waye Norman?" na tambaye shi ranar da na fara gani.

"Ya fi musu sauƙin faɗa."

"Nermin ɗin ne mai wuya? Mutanen da ke haɗa kalma biyar su yi sunan titi guda?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Kada ku ce ban so shi ba. Na so shi daidai gwargwado, irin son da mutum ke yi wa ɗaki mai ɗumi in ya daɗe a waje.

Ranar Alhamis saƙonsa ya shigo ina tsakiyar canza wa wata tsohuwa zanin gado.

"Asabar ƙarfe goma. Potsdam za mu, fadar Sanssouci. Ki sa doguwar rigar nan shuɗiya. Inna ma ta zo."

Inna yake kiran Mama. Ba a yi minti ɗaya ba wani ya biyo: "Ki ɗan duba abin da za ta sa."

"Tufafi za ta sa," na rubuta.

"Kin gane nufina."

Na gane. Na kuma yi kamar ban gane ba, wanda shi ne rabin aikin mace mai shirin aure.

Tun Juma'a Mama ta goge siket ɗinta mai furanni, ta fito da rigar sanyi ruwan ƙasa da ta saƙa da hannunta, da farin kallabi mai ɗinki a baki wanda ba ta ɗaura shi sai Sallah. Ta rataya baƙar jakarta, wadda ko jariri aka sa a ciki zai miƙe ƙafa. Ta san abin da za a yi a fadar, Subhija ta tsegunta mata. Tun safe take kallon yatsana kamar filin da ta saya ba a fara gini ba.

A mota Nermin yana yi wa Mama yarenmu sannu a hankali, kamar mai tafiya da takalmin aro. In yana son faɗar abin da ba ya so ta ji sai ya juya Jamusanci, wanda Mama ba ta san komai a cikinsa ba sai "na gode" da "ya yi tsada". Haka dai na ɗauka.

Ni wurin ba baƙona ba ne, sau uku ina zuwa ina tura keken tsofaffi. Doguwar fada ce ruwan ƙwai a kan tudu, ko bene babu, ƙasa da ita hawa shida na lambun inabi, matattakala ta ratsa tsakiyarsu har wurin da ruwa ke feshi sama. Da lokacinmu na shiga ya yi, muka isa bakin ƙofa, sai Mama ta sunkuya ta fara kwance takalmi.

"Inna! Me kike yi?"

"Gidan mutane zan shiga da takalmi? Dubi daɓen nan, ɗana. Wata ce ta durƙusa ta goge shi."

"Ba gidan kowa ba ne, gidan tarihi ne. Mayar, don Allah, ana kallonmu."

Ba mai kallonmu. Kowa idonsa na kan wayarsa. Amma ta mayar, ta shiga tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake jarirai.

A ciki zinariya ce har rufi. Mama ta duba ɗakin karatu, ta duba ɗakin kiɗa, ta duba kujerar da aka ce a kanta sarkin da ya gina fadar ya cika. Ta ja hannuna.

"Ina ɗakin matarsa?"

"Ba ta da ɗaki, Mama. Can Berlin ya ajiye ta a wani gida. Nan bai gayyace ta ba."

"To sunan gidan me yake nufi?"

Nermin ya samu abin da ya sani, ya gyara murya. "Faransanci ne, Inna. Ma'anarsa, ba damuwa."

"Ai dole," in ji Mama.

Na yi dariya har mai tsaron ɗakin ya waiwayo. Nermin ya matso kunnena ya ce da Jamusanci, "Sai yau za ki tono wannan labarin?"

Daga gefen fadar, can ƙurya a saman tudun, kabarin sarkin yake. Dutse ne shimfiɗe cikin ciyawa, ba wani ado, kusa da na karnukansa, don haka ya yi wasiyya. Masu ziyara kuma ba fure kaɗai suke kawo masa ba, dankalin Turawa suke ajiyewa a kan dutsen, saboda shi ya matsa wa talakawansa su noma shi. Ni na san wannan. Nermin ya sani. Ba wanda ya tuna ya faɗa wa Mama.

Nermin ya koma gefe yana waya da mai hoton da ya ɗauko a ɓoye. Ni kuma saƙo ya shigo min daga wurin aiki, na tsaya amsawa. Da na ɗago, Mama na tsugune a bakin kabarin, jaka a buɗe.

"Mama!"

"Zo ki ga wulaƙanci, Mina. Lafiyayye ne fa, ko tsiro bai yi ba. A rana! Kwana biyu zai yi kore ya tashi a banza."

Tana ɗauka tana latsawa da babban yatsa, mai kyau ta sa a jaka, mai tabo ta ture gefe.

Kafin ku yi dariya, ku ji wannan. Garinmu an kewaye shi fiye da shekara uku lokacin yaƙi. Ina cikinta a hunturun da ya fi muni. Babana ya bi masu haye dutse da ƙafa neman fulawa, bai dawo ba. Mama ta cire zoben aurenta ta ba wani mutum, ya ba ta dankali goma sha ɗaya. Ta ci tsokar, ta tafasa ɓawon, ta dasa idon a bokiti. Ni ce abin da dankalin nan ya zama. Ita ba ta taɓa ba ni labarin ba, maƙwabciyarmu ce ta faɗa min ina da shekara goma sha biyar. Har yau in ɓurɓushin burodi ya faɗi ƙasa sai Mama ta ɗauka ta sumbace shi.

Kafin in isa wurinta wani ayarin masu yawon buɗe ido ya iso. Suka tsaya. Na ga waya biyu sun tashi sama. Sai ga Nermin da gudu, fuskarsa ja kamar an mare shi. Ya kama igiyar jakar.

"Inna, mayar. Yanzun nan."

Sannan ya juya ga mutanen, ya sa murmushin da yake sayar da inshora da shi, ya ce da Jamusancinsa mai santsi:

"Ku yi haƙuri, jama'a. Tsohuwar ba ta da lafiya, ciwon mantuwa gare ta." Ya nuna ni da tafin hannu. "Ga mai jinyarta nan. Ta ɗan yi sakaci ne."

Abin da ya fi ƙona min rai, dabarar ta ci. Wayoyi suka sauka. Fuskoki suka yi laushi. Wata mata har ta gyaɗa min kai, irin na "sannu da ƙoƙari". Ni kuwa ina tsaye cikin shuɗiyar rigar da ya zaɓa min, da jan baki, da takalmi mai tsini, mai jinya a ranar da za a ba ta zobe.

Mama ta durƙusa da gwiwa biyu. Ta riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, tana goge kowanne a siket ɗinta kafin ta ajiye. Guda tara. Da ta gama ta dafa dutsen.

"Yi haƙuri, bawan Allah. Ban san naka ba ne."

Nermin ya duba agogo. "Mu sauka, hasken zai wuce."

Kun ji fa. Hasken zai wuce.

A hawa na uku na lambun ya tsaida mu, inda fadar ke fitowa sosai a bayan mutum. Mai hoton ya ɓullo daga bayan inabi. Nermin ya zaro hankici ya shimfiɗa a kan tsakuwa, ya ɗora gwiwa ɗaya a kai don kada wando ya yi ƙura. Ya buɗe ɗan akwatin. Ya yi jawabinsa da Jamusanci, ya maimaita rabi da yarenmu don Mama ta samu na kai wa Subhija. Zoben yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Farin dutse, yana ɗaukar ido.

"Nermin," na ce, "wannan dankali nawa zai yi?"

"Me?"

Mama ta mintsine ni a kwiɓi har na ji a haƙori.

"Ina zuwa," na ce.

Na tattare rigata na hau matattakalar nan da tsinin takalmina, ina ji mai hoton na tambaya ko ya ci gaba da ɗauka. Ayarin ya wuce. Saura wata tsohuwar Bajamushiya a tsaye ta dogara da sanda, irin waɗanda nake yi wa wanka, gashi fari tas, ido kamar allura. Na tsuguna na buɗe jakata, ƙarama ce ta kwalliya, na zubar da hoda da turare a ciyawa, na fara lodi.

"Ke ce mai jinyar?" ta ce.

"'Yarta ce ni. Kuma lafiyarta ƙalau."

"Na ga alama. Mai ciwon mantuwa ba ta zaɓen masu kyau ta bar masu tabo." Ta nuna da sandarta. "Wancan ma mai kyau ne. Amma bar masa ko biyu, ya san an zo."

Jakar ta ɗauki huɗu. Sauran biyar na naɗe su a gyalena. Ina miƙewa na ga Nermin a bayana yana haki.

"Wannan sata ce, Azemina."

"Ana cewa shi da kansa ya sa sojoji gadin gonar dankali, ya ce su riƙa gyangyaɗi, don talakawa su sata su shuka. Ban san ko gaskiya ba ce, a kwalin wani marigayi na karanta. In gaskiya ce, yau ne kawai aka yi masa abin da yake so."

Ya dube ni kamar takardar da aka cike ba daidai ba. Sannan ya cusa min akwatin zoben a cikin gyalen, tsakanin dankali.

"Riƙe. Lahadi ta sama Baba da Gwaggo za su zo kamar yadda aka tsara. Kafin nan kin huce."

Ya sauke mu a ƙofar gida. Muna hawa bene saƙonsa ya shigo.

"Cetonta na yi. Da yanzu tana yawo a wayoyin duniya ana dariya."

"Ni kuma fa?"

"Ke me?"

"Mai jinya."

"Ai aikinki ne. Ƙarya na yi?"

Na kife wayar. Akwai saƙon da amsarsa ita ce ka bar shi ya zauna yana kallon kansa.

Gidana ɗaki ɗaya ne da kicin a hawa na huɗu, da 'yar baranda wadda kujera ɗaya ke cika ta. Na zuba dankalin a leda na tura ƙarƙashin kujerar. Mama ta cire kallabin Sallarta ta ninke shi daidai kan layinsa na da, ta zauna bakin gado.

"Me ya ce wa mutanen nan?"

"Ya ce ke baƙuwa ce, ba ki san al'adar wurin ba."

Ta shafa kallabin da ta ninke. "To, ai gaskiya ya faɗa."

Eh, ƙarya na yi mata. Ku da kuke da uwa, ku faɗa min yadda ake buɗe baki a ce mata surukin da take yi wa addu'a ya sayar da hankalinta don ya sayi mutuncinsa a wurin mutanen da ba zai sake gani ba.

"Mina," ta ce, "ɗaki ɗaya, hawa huɗu, kina wanke tsofaffin wasu. Ke wa zai wanke ki?"

"Ba dai Norman ba."

"Nermin."

"Ki tambaye shi."

"Rufe min baki. Za su zo Lahadi. Za ki sa riga, za ki dafa gahawa, za ki yi murmushi. Abin da za ki ce bayan nan, bakinki ne. Amma ba za a ce 'yar Hajrija ta rufe wa baƙi ƙofa ba."

Da na ce muku na kwana takwas da zuciya ɗaya, da na yi ƙarya ta biyu. Ranar Talata wata tsohuwa ta rasu a hannuna, shekara biyu tana wurinmu ban taɓa ganin wanda ya zo duba ta ba. Na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa, na buɗe taga. A jirgin ƙasa na komawa gida na fito da akwatin na gwada zoben. Ya zauna daram, munafuki. Tasha uku na yi da shi a yatsa kafin in cire. Tambayar Mama tana ta bina: ke wa zai wanke ki?

Ranar Lahadi tun bayan asuba Mama ta kama aikin pita, gasasshen abincin fulawa na ƙasarmu. Ta shimfiɗa farin zani a tebur, ta murza ƙullin da sandarta, sannan ta riƙa jansa da bayan hannu har ya rufe teburin ya zubo, siriri har kana ganin furen zanin ta cikinsa. Ta watsa yankakken dankali da albasa da barkono baƙi, ta naɗe shi dogo, ta murɗa shi a tire kamar gammo. Gidan ya cika da ƙamshin man shanu.

Ni shirina daban. Na yi niyyar in baƙi sun zauna in kawo dankalin nan tara ɗanye a kwano, in ɗora zoben a kai, in ga idon Nermin. Na fita baranda na leƙa ƙarƙashin kujera. Wayam.

"Mama, ina ledata?"

"Na share baranda," ta ce, ba ta juyo ba.

Raina ya ɓaci har na kasa tunani. Na ɗauka ta zubar don kada in kunyata ta. Matar da ke sumbatar ɓurɓushi, wai ta zubar da dankali tara. Fushi yana mayar da mutum jaki.

Ƙarfe biyu suka iso. Gwaggo Subhija a gaba, awarwaro har gwiwar hannu, da fure da kwalin alewa, tana guɗa tun daga hawa na uku. Nermin cikin kwat ruwan toka. A bayansu babansa, Baffa Hamdija, wanda ban taɓa gani ba sai ranar: dogo, siriri, da 'yar baƙar hula, hannuwa kamar shebur don shekara ashirin ya yi yana ɗora tayil. Tun kafin a buɗe ƙofa sosai ya cire takalminsa. Safarsa da ɗinki a diddige, ɗinkin namiji, don matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce.

Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen gida da waɗanda suka mutu da waɗanda suka kusa. Mama ta kawo pita da kindirmo. Subhija na ci tana lissafa min ɗakunan gidan Nermin. Baffa Hamdija na ci yana tare ɓurɓushi da tafin hannu. Nermin ya ci yanka ɗaya, ya ci na biyu, ya miƙa faranti aka sa masa na uku. Ya saki jiki, ya ga an huce.

"Inna, wallahi rabona da irin wannan tun mahaifiyata na da rai. Dankalin nan daban ne. Wane kanti kika saya?"

Mama ta dafe ƙirji.

"Au! Ban faɗa maka ba? Ka yi haƙuri, ɗana. Ka san mu masu ciwon mantuwa."

Ba da yarenmu na gida ta faɗi sunan ciwon ba. Kalmar likitoci ta faɗa, da irin muryar da ya faɗe ta a bakin kabari, har da murmushin. A nan na tuna abin da ni da shi duk muka manta: wannan kalmar kusan iri ɗaya ce a Jamusanci da yarenmu. Kuma wata biyu tana jina ina faɗarta a waya kullum.

"Na sarkin ne," ta ce. "Amma na wanke shi sosai."

Lomar na bakinsa. Kumatunsa a cike.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku. A wannan daƙiƙar na ce a raina, in ya yi dariya zan aure shi. Wallahi. In ya ƙyalƙyale, ko ya sunkuyar da kai ya haɗiye ya ce Inna kin gama da ni, zan sa zoben a gabansu in ƙarasa rayuwata ina gyara masa hali. Har addu'a na yi masa.

Ya ɗauki takardar goge baki. Ya kai bakinsa. Ya tofar, ya ninke ta huɗu, ya ajiye a gefen faranti.

"Wane sarki?" in ji Subhija. "Wace mantuwa? Hajrija, me ake ciki?"

Baffa Hamdija bai dubi ɗansa ba, ni ya duba. "'Yata, me ya ce?"

Na faɗa masa duka. Da takalmin, da dankalin, da mai jinyar, da hankicin. Nermin ya fara, "Baba, ba ka san yadda mutanen nan suke ba, in suka ɗauke ka a waya..." Tsohon ya ɗaga yatsa ɗaya, maganar ta mutu. Ya jawo farantin ɗansa gabansa ya ci gaba da cin abin da ya rage, a hankali, har ya share man da ɓawon ƙarshe. Sannan ya dubi Mama.

"Hunturun casa'in da uku, ina kike?"

"Goražde."

"Ni Žepa."

Žepa ma an kewaye ta kamar garinmu. Suka gyaɗa wa juna kai. Iyakar hirar ke nan, kuma ta fi duk jawabin da aka yi min a hawa na uku na lambun sarki.

Na shiga kicin ɗora gahawa. Mama ta biyo ni wai ɗaukar tire.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun a wurin. Ni kurma ce?"

"Kuma kika ce in sa riga in yi murmushi?"

"Na ce a raina, in ya haɗiye nawa zan haɗiye nasa. Don ke." Ta goge gefen tiren da bakin zaninta. "Kai musu kada ta huce."

Na jera finjali huɗu, kowanne da ƙwayar sukari a gefe kamar yadda ake yi. Na Nermin ne kawai babu sukari. A gurbinsa na ajiye zoben.

"Gahawarka, Norman."

Subhija ta saki salati, awarwaro na kaɗawa. "Hajrija! Kina zaune? Wata uku muna wannan aikin! Ki yi magana mana!"

Mama ta kurɓi gahawarta. "Na manta abin da zan ce."

Nermin ya ɗauki zoben ya sa a aljihun kwat, ya duba ko ya zauna daidai. A bakin ƙofa ya ce min da Jamusanci zan yi nadama, wai a shekaruna irinsa ba ya zuwa sau biyu. Na ce da yarenmu Allah ya sa. Suka sauka shi da gwaggonsa, muryarta na dawowa daga kowane hawa.

Baffa Hamdija ya tsaya ɗaure takalmi, ya daɗe a kan igiya ɗaya. Mama ta naɗe masa sauran pitar a takarda, bai yi kawaici ba ya karɓa da hannu biyu. Ya miƙe, ya gyara hularsa, yana kallon bango.

"Ina da wani ɗan," ya ce. "Bayan yaƙi aka haife shi. Ba shi da mota, gasa burodi yake yi. Amma sunansa ɗaya ne, kuma yana cinye abin da ke farantinsa."

Na matso bakin ƙofa.

"Baffa, da girmanka. Ni ba dankali ba ce da za a ɗauke daga kan wannan dutsen a ɗora a wancan. Na gama da gidanku, na gama da zobe, kuma in tsufa ya zo ni zan wanke kaina."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa abin da yake tsammani. Ya juya zai sauka.

Sai na ji an ture ni gefe da gwiwar hannu. Mama ce, fulawa har yanzu a goshinta, ta leƙa kan matattakala.

"Hamdija," ta ce. "A wace unguwa gidan burodin yake?"